Tuffar da Ban Noma Ba

Wuya muka sha, ba ni da wani suna da zan sa mata. Duk wanda ya ce maka aikin gonar inabi a kan dutse abin sha'awa ne, to a hoto ya gani, ko kuma ya je ne a zaune da kofin gilashi a hannu. Shekara bakwai na yi ina hawa ina sauka a tsaunukan arewacin Italiya, inda ƙanƙara ba ta barin kan duwatsu ko ana tsakiyar zafi. Gwiwoyina na gaskiya can na baro su. Waɗannan da nake ja a Greensboro ragowa ce kawai, da safe sai na lallashe su kafin su yarda su kai ni banɗaki.

Kuma ba wanda ya san wannan a garin nan. Mai Tuffa ake ce mini. A masallacinmu na East Greensboro haka, a wurin suna haka, 'ya'yanmu da aka haifa a nan ma, da ba su iya haɗa gaisuwa da Hausa ba, sun iya cewa Baba Mai Tuffa. Dalili kuwa, ranar da na sauka ƙasar nan aka tambaye ni me na yi a Turai, na ce noman tuffa. Abin da na faɗa wa mahaifina ke nan tun ina can, shi na faɗa wa matata kafin a ɗaura mana aure, shi na ci gaba da faɗa har ya zama sunana. Don kada a yi mini tambaya ma, na ce na gaji da ita, ko ƙamshinta ba na so. Gaskiyar magana ban taɓa dasa tuffa ko ɗaya ba. Inabin giya na noma. Ni da nake sahun gaba, ni da ake miƙa wa lasifika in kira salla idan ladan yana wurin aiki.

Aikina yanzu yankan ciyawa da gyaran fulawa a gidajen masu hali, ƙarƙashin wani Alhaji mutumin Maraɗi, wanda ya ɗauke ni lokacin da kamfanin da nake ya sallame mu, bai tambaye ni takardar makaranta ba don ya san babu. Mu biyar ne a motarsa. Gidajen Irving Park su ke riƙe da mu, kuma a can idan gida ɗaya ya kore ka, maƙwabta ma sun kore ka, domin a filin golf suke shawara. A cikinsu akwai wani tsohon likitan haƙori da ya ajiye aiki ya rasa yadda zai yi da kansa. Shi da matarsa suka je hutu tsaunukan nan, suka dawo da akwatunan kwalabe, da wani ƙaton littafin hotuna, da ciwon kai. Bai huta ba sai da aka nemo masa irin kurangar inabin can, gindi goma sha biyu, aka dasa a bayan gida kusa da wurin iyo, wai shi ma zai matse tasa giyar. Ranar da na ga ganyen na gane shi, kamar yadda za ka gane tafiyar ɗan unguwarku a kasuwar wani gari. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tura injina.

Yadda na je can ba wani labari ba ne. Na bar gonar geron mahaifina a ƙasar Katsina ina saurayi, kaina cike da iska. Na yi tsinkar tumatir a kudancin Italiya har bayana ya ƙi miƙewa, sai wani ɗan Senegal ya ce a arewa ana neman masu ƙafa. Ban gane maganar ba sai da na ga wurin. Kwari ne dogo, kogi a ƙasa, dutse a dama, dutse a hagu. Gefen da rana ke bugawa an yanka shi hawa-hawa tun kakannin kakanni, kowane hawa an tokare shi da katangar dutse, ba siminti ba laka, wani hawan faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. A kan wannan suke noma. Mu da muke da fili shimfiɗe har iyakar ganinka muna kukan babu, su kuma sun liƙe a jikin dutse kamar ƙadangaru, duk don abin da za su sha su yi ta surutu. Ban taɓa ganin wauta mai tsari irin wannan ba.

Ba jaki, ba amalanke, ba tarakta. Bayanka shi ne motar. Akwai wani kwando mai igiya biyu da ake goyawa kamar jariri, da shi ake saukar da inabi idan kaka ta yi, a kan matakalar da ba ta ƙirguwa, duwatsu ne aka cusa a jikin katanga, kowanne bai kai tsawon tafin ƙafarka ba. Amma wannan wasa ne a kan aikin ƙarshen sanyi. Ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara sukan wanke ƙasar gona su gangaro da ita. To mu za mu bi ta, mu kwashe ta da shebur mu cika kwando, mu goya ta mu mayar da ita sama inda ta fito. Ƙasa fa. Kowace shekara. Ranar farko da aka ce in yi haka na ɗauka tsokanar baƙo ake yi, na tsaya ina dariya, sai na ga mai gonar da kansa, sa'an kakana, ya goya nasa kwandon ya kama hawa bai waiwayo ba.

Tsoho nake ce masa, har a gabansa. Bai san ma'anar ba, yana amsawa. Gajere ne, hannunsa kamar saiwar itace, magana a bakinsa tsada gare ta. Matarsa ita ke tuƙa mana wani baƙin tuwon masara da cuku a ciki, mai nauyi kamar bulo. Tun makon farko ta lura ba na taɓa naman alade, sai ta ware mini ƙaramar tukunya ta ɗaura mata jan zare a marfi. Shi kuma sau ɗaya tak ya miƙo mini kofin giya, na girgiza kai, ya shanye abinsa, bai ƙara ba har na bar wurin. Ina faɗar wannan ne don kada in yi musu ƙazafi. Ban taɓa kai ta bakina ba, Allah shaida ne. Amma na goya ta tana inabi, na juya ta tana tafasa da kanta a ɗakin ƙasa tana kumfa kamar tsohon kunu, na shiga cikin gangunanta na wanke su da burushi, warinta ya zauna a jikina. Sai na canza riga nake salla a kan kwali, a bayan ɗakin awaki. Shi Tsoho da yake yin ta, ban taɓa jin ya yabe ta ba. A ƙaramar tasa yake sha, a tsaye, ya goge baki da bayan hannu, ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Shi ke nan bayaninsa na shekara.

Abin da ya fi dawo mini ba hoton wurin ba ne, sauti ne. Ƙararrawar cocinsu tana bugawa daga ƙauyen ƙasa, ta hau dutse ta same ka, ta ƙauyen tsallake ta amsa mata a makare. Ƙas-ƙas ɗin almakashi a sanyin safiya, mutum uku a hawa uku, ba mai magana. Gwangwanayen wuyan shanu idan an sauko da su daga makiyayar sama. Wata iska da ke tasowa daga bakin kwarin kullum bayan azahar, ba ta saɓawa, har da ita nake gane la'asar ta kusa. Da numfashin Tsoho a bayana a kan matakala. Yanzu abin da ke kunnena daga safe zuwa yamma injin hura ganye ne, da abokan aikina, ƙatti da iyalansu, kowanne ya toshe kunne da waya, ya yanka layi biyu ya nemi inuwa yana shan ruwan sanyi yana cewa bayansa. Bayansa! Mutumin da bai taɓa goya abin da ya fi jakar hannu ba.

A shekarata ta biyu ƙugu ya matsa wa Tsoho, hawa ya fara yi masa wuya. Sai ya ba ni hawan da ya fi kowanne nisa, layi uku na tsofaffin itatuwa da mahaifinsa ya dasa, ya ce ni zan riƙa duba su. Na duba kuwa. Na ga ƙasa tsakuwa zalla, ko gujiya ba za ta yarda ta fito a ciki ba. Na ga itace a ƙanjame kamar akuyar rani. Ni ɗan manomi ne. A gidanmu wanda ya bar shuka da yunwa alhali ga taki a turke, ba a kiransa mutum. Mahaifina yakan zagaya gona da sassafe, inda ya ga gero ya yi rawaya sai ya kira mai layin ya tambaye shi ko faɗa suka yi da shukar. Sai na ce a raina, Turawan nan ko rowa ce ta yi musu yawa ko lalaci, bari in nuna musu noma. Duk Lahadi idan sun tafi coci, ni kuma in goya takin awaki in hau da shi. Da zafi ya shigo aka yi fari, na koma jidar ruwa daga wata maɓuɓɓuga da jarka biyu. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya sani. Ranar hutuna guda tilo nake ƙonawa, ina jin kaina gwarzo.

Sannan aka zo wani aiki da ya fi ɓata mini rai. Inabi yana kore, bai nuna ba, Tsoho ya bi layukan ƙasa da almakashi yana yanke shi nono-nono yana zubarwa, kusan rabi. Ya miƙo mini almakashi ya nuna mini hawana. Na ce masa da guntun yarensu da na tsinta, abinci ne fa. Ya ce yanke. Na hau, na yanke guda biyar na baza a bakin matakala inda ido zai gani, na bar sauran. Ni da na ga shekarar da muka ci dusa a gidanmu, ba zan zubar da abin da Allah ya fitar ba.

Kaka ta zo. Layukana sun yi duhu da ganye, nonon inabi kamar kan jariri, 'ya'yan sun cika sun matse juna. Na ƙasa kuwa ƙanana, a warwatse, abin tausayi. Ranar da Tsoho ya daure ya hau, na tsaya a gefe ina gyara wuyan riga. Ya daɗe yana kallo. Ya tsinki ɗaya ya tauna ya tofar. Ya cusa yatsa cikin wani nono ya buɗe shi, sai ga tsakiya ta ruɓe ta yi fumfuna. Ya durƙusa ya tona gindin, ya ɗebo takin awakinsa ya shinshina.

"Wa ya ba su ruwa?"

Na ce ni ne, har da ɗan murmushi.

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya sauka hawa ɗaya ya tsinko ƙwaya guda daga ƙanjamammun nan, ya tsinko guda daga nawa, ya ɗora a tafina.

"Ci naka."

Na ci. Ruwa ne mai ɗan zaƙi, kamar an ɗauraye kofin shayi.

"Ci wannan."

Na ci. Fata mai kauri, zaƙi da tsami da wani ɗaci-ɗaci suka kama mini harshe suka ƙi saki, har na sauka ƙasa ina jin su.

"Tun ina yaro saiwar nan take fasa dutse tana neman ruwa a ƙasa," in ji shi. "Kai ka zo ka kai mata har baki. Me zai sa ta ƙara wahala? Yanzu ta ɗago sama tana jiranka. Za ka zo duk Lahadi har ka mutu?"

Ashe inabin layi ukun nan shi ne wanda ake shanyawa. Suna da wani ɗakin sama mai tagogi a buɗe, ana jera inabi mafi kyau a kan gadajen kara, iskar sanyi tana ratsa shi wata da watanni har ya yamushe kamar zabibi, sannan a matse. Giyar da suke ji da ita ke nan, baƙa, mai ƙarfi, wadda ba a buɗewa sai an yi haihuwa ko aure. Nawa ba ya shanyuwa, ruɓewa zai yi ya kuma ruɓar da na kusa da shi. A shekarar ba a yi ta ba, karo na farko tun da aka kawo tsohuwar gidan tana amarya. Inabin da na yi ta alfahari da shi, ni na goya shi na kai wa aladun maƙwabci. Na haɗa jakata ina jiran sallama. Maimakon haka, da sanyi ya shigo sai Tsoho ya sa almakashinsa a hannuna, ya riƙe wuyan hannun, ya bi da ni gindi-gindi: wannan reshen a bari, wannan a cire, ido biyu nan, ɗaya can. Shekara uku layukan suka ɗauka kafin su dawo hayyacinsu. A cikin shekara ukun nan na zama wanda ake aro daga gona zuwa gona. Ranar da takardun Amurka suka fito zan tafi, almakashin ya cusa mini a aljihu, ya juya ya kama hawa. Ilimin da nake da shi ke nan a duniya, shi kaɗai, kuma shi ne wanda ba zan iya faɗa a ƙofar masallaci ba.

Lokacin ba waya a ƙauyenmu, kaset ake aikawa. Na zauna gaban rediyo na danna, na ce Baba ina aiki a gonar, sai bakina ya ƙarasa da tuffa. Amsarsa ta zo bayan watanni, muryarsa da kukan kaji a bayanta. Ya ce shi bai taɓa ganin tuffa ba, amma ya tambayi liman ya ce halal ce. Ya sa mini albarka, ya ce in riƙa ba ta taki a kan lokaci. Da wannan ya rasu.

To ka ji abin da nake haɗiyewa a bayan gidan Likita damina biyu. Ƙasar garin nan jar laka ce mai riƙe ruwa, sama tana zubowa ba ƙaƙƙautawa, iska a jiƙe kamar ɗakin wanka. A kan wannan kuma famfon yayyafi yana tashi da kansa safe da yamma yana yi wa itatuwan wanka. Suka yi ganye kamar kabewa, ganyen ya yi tabo, 'ya'yan suna ruɓewa tun suna kore. Alhaji kuwa ɗan manomi ne irina. Duk lokacin da ya ga sun yi laushi sai ya ce da guntun Faransancinsa na Nijar, "Bon, Mai Tuffa, ƙara musu taki." Ni kuma in ɗauko buhu in zuba. Da hannun nan da Tsoho ya riƙe. Na san kashe su nake yi, ina zubawa, don kada a tambaye ni a ina na sani.

Ranar wata Laraba da la'asar Likita ya kira mu, ni da Alhaji, gindin rumfarsa. Yana sanye da gajeren wando, ga kwalba a tebur, ga littafin a buɗe. Ya zuba kaɗan a wani kofi mai ciki kamar tulu, ya juya shi, ya cusa hanci ya lumshe ido kamar mai addu'a. Alhaji ya kau da kai yana motsa baki. Likita ya shiga yi mana karatu. Wai farar giyar wurin tana da ƙamshin furen dutse da ciyawar da aka yanka da safe. Wai ja ta yau da kullum tana tuna masa 'ya'yan itacen daji. Wannan baƙar kuwa ta shanyayyen inabi, wai idan ka kurɓa kana jin dutsen da kansa, kana jin iskar ƙanƙara, kana jin haƙurin mutanen wurin. Haƙuri! Mutumin da mota ta kai shi har bakin tebur. Na so in ce masa ya ƙara cusa hancin, zai ji warin hammatar wani Bakatsine.

Ya juyo mana littafin. Kwarin ne, ko tantama babu. Sai dai an shimfiɗa wani siririn layin dogo a jikin dutsen, ƙaramin keke mai inji yana hawa da akwatuna. A wani shafin jirgi mai saukar ungulu ne ya rataya inabi yana saukowa da shi. Inda ɗakin awaki yake, inda nake shimfiɗa kwalina, an yi ɗakin gilashi da dogon tebur, baƙi sun jeru da kofuna. Wani mai gyararren gemu da hannu sumul ya rungume gangar giya yana murmushi, ga hancin Tsoho a fuskarsa, jikansa ne. Kwandon goyo an rataye shi a bango an haska masa fitila, ya zama kayan ado. Na nemi Tsoho ban gan shi ba sai a shafin ƙarshe, wani ɗan hoto mara launi, irin wanda ake sa wa wanda ya mutu. Mu da muka goya ƙasar, ko inuwarmu babu. Likita ya ɗora yatsa a kan wata katanga can sama ya ce mu duba, hannun iyali ɗaya ne ya yi wannan duka. Katangar da ta rushe a shekarata ta biyar ce. Ni na tayar da ita, ni da ɗan Senegal ɗin da ya nuna mini hanyar arewa, har yau farcen babban yatsana yana ƙarƙashinta.

Sannan ya rufe littafin ya zo kan magana. Ya ce ya gaji, itatuwansa suna mutuwa a hannunmu, kuma wani kamfani ya ce zai iya. Ya ba mu zuwa ƙarshen wata.

A mota Alhaji ya yi ta huci.

"Ka ji mini tsohon banza? Yana shaƙar ƙazanta kamar turaren Makka! Wallahi Mai Tuffa, duk wanda ya sa hannu a abin nan, mai nomawa, mai matsewa, mai ɗauka, layi ɗaya za su tsaya ranar gobe."

Na ce, "To mu da muke zuba mata taki fa, Alhaji?"

"A'a, a'a. Mu masu ciyawa ne. Itace muke gyarawa, abin da ya yi da shi tsakaninsa da Ubangijinsa." Da muka wuce danja biyu ya ci gaba. "Gida tara ne a layin nan. In ya kore mu, duk sun tafi. Me zan ce wa mutanen nan da iyalansu? Kai da ka zauna a ƙasar, ba ka taɓa leƙa gonar maƙwabta ba? Ba ka ga yadda suke yi ba?"

"Tuffa na noma, Alhaji."

"Bon. Gobe mu ninka takin, mu ƙara ruwan. Sauran na Allah ne."

Gidanmu a Glenwood yake, tsakanin gidajen hayar ɗalibai. Na tarar da matata, Maman Hafsa, tana kwashe tuwo. Ta ajiye mini, na zauna na kasa ci.

"Malam, gwiwar ce?"

"Ba ita ba ce."

"To miyar ce? Faɗi gaskiya, kukar ta tsufa, na sani."

Na ce, "Maman Hafsa, ban taɓa noman tuffa ba."

Na faɗa mata duka. Kwando, ganguna, aladun maƙwabci, kaset ɗin Baba, har maganar Likita da gida taran Alhaji. Ta ajiye mara. Ina jiran salati, ina jiran kuka, ina jiran ta ce da wane baki za ta faɗa wa 'yan'uwanta.

"Ka sha?"

"Ban taɓa ba."

"Rantse."

Na rantse.

"Shekara ashirin da biyu," in ji ta, "ban shigo da tuffa gidan nan ba. Ina da cikin Hafsa, ba abin da raina ke so kamarta. A tashar bas nake tsayawa in ci a ɓoye, in kurkure baki kafin in shigo, don kada ƙamshin ya tuna maka wahalar da ka sha. Yara su zo da ita daga makaranta, in ce su cinye a waje, Babanku ba ya so. Ashe a kan iska nake ta wannan ɓoyo."

"Ki yi haƙuri."

"Giyar tsakaninka da Allah ne, kai ka san yadda za ka roƙe shi. Amma ni ka mayar da ni sakarya a cikin gidana." Ta ɗauki mara ta ci gaba da kwasa. "Kuma kana kallo abincin mutum biyar zai zube, don dai a ci gaba da ce maka Mai Tuffa. Ci tuwonka, yana hucewa."

Ba ta ƙara yi mini magana ba ranar. Na raina Likita da hancinsa, na raina jikan Tsoho da hannunsa mai laushi, na raina Alhaji da fatawarsa mai ƙofa biyu. A gaban tuwon nan kuwa, kaina na raina.

Washegari bayan sallar asuba na biya shagon da ke buɗewa da wuri na sayi tuffa jaka guda, ja da kore, don ban san wadda take so ba, na ajiye a kan teburin kicin. Na buɗe tsohon akwatina na ciro almakashin Tsoho, na wasa shi, na tayar da 'yar motata. Na riga su Alhaji isa gidan Likita. Na kashe famfon, na cire wayarsa gaba ɗaya. Na janye takin da na zuba da hannuna daga kowane gindi. Na rage ganyen da ya rufe 'ya'yan don iska ta samu hanya. Ban san ko za su rayu ba, ƙasar ba tasu ba ce. Ina kan gindi na huɗu, ina yanke koren inabi ina zubarwa, motar Alhaji ta tsaya. Ya sauko da buhun taki a kafaɗa, ya ga abin da ke ƙasa, ya saki buhun.

"Mai Tuffa! Ka haukace? Abinci ne fa kake zubarwa!"

Na ce, "Bar takin nan, Alhaji, zo ka riƙe mini reshen nan. Shekara bakwai na yi a gonar giya. Katangar da ya nuna maka jiya, ni na gina ta."

Ya tsaya baki buɗe. Na ci gaba da yanka.